Wa Zai Kira Sunan Kurtu?

Duk wanda ya taso daga Kawaji ya bi titin Haɗeja ya gangara Nassarawa, sunaye ne za su yi ta tarbarsa a allunan tituna: Ahmadu Bello, Audu Baƙo, Murtala Muhammad, har da Alu, Sarkin Kanon da Turawa suka raba da gadon sarauta a 1903, ya ƙare kwanakinsa a Lakwaja. Kowannensu babba ne, kuma ba wanda zai ce bai cancanci allonsa ba. A wannan yanki na Nassarawa da Bompai ne Turawa suka kafa mazauninsu da barikinsu bayan sun ci birni ranar 3 ga Fabrairu 1903. Littattafai sun riƙe sunan Kanar Morland da ya ja rundunar, sun riƙe sunan Waziri Ahmadu da ya faɗi a Kwatarkwashi. Mutanen da suka mutu a gindin ganuwa kuwa, da masu tsaron birni da baƙaƙen sojojin da aka turo su fasa shi, waɗanda da yawansu Hausa suke ji, adadi kawai aka bar mana, shi ma na ƙiyasi.

Ranar da Kano ta faɗi, akwai wani yaro a garin Dorking na Ingila da bai cika shekara uku ba, sunansa Valentine Joe Strudwick. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, ya ƙara wa kansa shekaru aka ɗauke shi soja yana ɗan shekara 14. Ranar 14 ga Janairu 1916 aka kashe shi a ramukan yaƙi kusa da garin Ypres na ƙasar Beljiyam, wata guda kafin ya cika 16. Bai ci wani gari ba, bai ja ko mutum goma ba, ba shi da igiya ko ɗaya a hannun riga. Amma kabarinsa na nan a maƙabartar Essex Farm da farin dutse a kansa, an sassaƙa sunansa da lambarsa da rundunarsa da shekarunsa, ana yanke ciyawar wurin, 'yan makaranta na zuwa daga Ingila su tsaya a gabansa. Tambayar da ke gabanmu ita ce ko wannan abu da Turawa suka yi wa kurtunsu daidai ne a ma'aunin hankali da na addini, kuma ko ya shafi mutumin Kano da kakanninsa suka sha bulalar mulkin mallaka. Ni dai ina ganin daidai ne, kuma ya shafe mu fiye da yadda muke so mu yarda.

Su ma Turawan ba da wannan ɗabi'a aka haife su ba. Bayan yaƙin Waterloo a 1815, manyan hafsoshi ne aka yi wa gine-ginen tunawa a majami'u, ƙananan sojoji kuwa rami ɗaya aka haƙa aka zuba su. Abin da ya sauya lamarin shi ne yawan gawa. Daga ƙarshen 1914 rundunonin ɓangarorin biyu suka nutse cikin ramuka tun daga gaɓar tekun Beljiyam har iyakar Suwizalan, mutum na kwana a tsaye cikin taɓo, ƙwarƙwata a riga, ɓeraye a kan abinci, waya mai ƙaya a gabansa, igwa na ruwan wuta a kansa dare da rana. In an busa usur sai ya hau tsani ya fito fili ya nufi bakin bindiga mai ruwa. Ranar 1 ga Yuli 1916 kaɗai, a bakin kogin Somme, sojojin Birtaniya 19,240 suka mutu. Bataliya guda daga ɗan garin Accrington, maƙwabta da abokan aiki da suka shiga soja tare, ta fita da mutum wajen 720, cikin abin da bai fi rabin sa'a ba 584 suka mutu ko suka ji rauni ko suka ɓace. A irin wannan hali ne wani mutum mai suna Fabian Ware ya fara bin fagen fama yana rubuta inda aka binne kowa, aikin da ya zama hukumar kula da kaburburan yaƙi a 1917. Ƙa'idar da hukumar ta kafa baƙuwa ce a ƙasar da ta ginu kan bambancin ɗan sarauta da ɗan talaka: dutsen janar da na kurtu tsayinsu ɗaya, faɗinsu ɗaya, kuma ba mai kuɗin da zai ɗauke gawar ɗansa ya kai gida. Waɗanda igwa ta daddatsa ba a sami abin binnewa ba, aka sassaƙa sunayensu a bango, sama da 72,000 a Thiepval, sama da 54,000 a ƙofar Menin da ke Ypres.

Dalilin da ya sa na ce wannan daidai ne bai tsaya kan tausayi ba. Mamaci ba ya ƙaruwa da dutse, kuma uwar da ta rasa ɗanta ba ta daina kuka don an sassaƙa sunansa. Amfanin sunan yana kan masu rai, musamman waɗanda suka ba da umarnin fita. Adadi abu ne mai sauƙin haɗiya. Shugaba zai iya cewa an rasa mutum dubu ashirin ya wuce ya ci abincin rana, domin dubu ashirin ba ta da uwa, ba ta da unguwa, ba wanda ya yi mata suna da rago. Adadi kuma ana iya rage shi, ana iya musanta shi, ana iya cewa abokan gaba ne suka ƙara masa gishiri. Suna ba ya raguwa. Da zarar an rubuta Strudwick, ɗan shekara 15, sai tambayoyi su biyo baya da kansu: wane ne ya karɓi yaro ɗan shekara 14 a ofishin ɗaukar soja, wane likita ya duba shi ya ce ya isa, wa ya tura shi bakin daga? Dutsen nan da gwamnatin Ingila ta biya kuɗinsa shaida ne a kanta, kuma ya fi ƙarni guda yana ba da shaidar. Ƙasar da ta karɓi ran ɗan mutane ta kashe a kan buƙatarta ta ci bashi, mafi ƙanƙantar biya kuwa shi ne ta rubuta daga wa ta karɓa. In ba haka ba, yaƙi ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma ko sunan kurar ba a tambaya.

Mai suka na farko zai ce, to ina ruwan Bakano da sojan Ingila? Rigar da yaron nan ya sa ita ce rigar da ta ci Kano, ta kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a Yulin 1903, ta shafe Satiru daga doron ƙasa a 1906. Wannan magana tana da nauyi, kuma duk wanda ya ce a manta da Burmi don a girmama Somme bai yi adalci ba. Sai dai laifin daula ba ya sauka daidai wa daida a kan kowane wanda ya sa kakinta. Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama cewa ba a ɗora wa rai nauyin laifin wani rai. Yaron da ke rarrafe lokacin da aka ci Kano ba shi ya ci ta ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka mutu a ramukan Faransa leburorin ma'adinin kwal ne da masaƙa da 'yan ƙodagon gona, kuma kafin 1918 kusan kashi 40 cikin ɗari na mazan Birtaniya ko ƙuri'a ba su da ita, balle su zaɓi inda za a kai yaƙi. Daga 1916 ma dole aka mayar da shiga soja. Tuna irin wannan mutum ba ya wanke Gwamna Lugga. In ma an lura, hannun da ya tura ɗan Dorking cikin taɓo shi ne ya tura ɗan Kano.

Domin mu ma muna da namu ramukan, ko da yake ba a cika koyar da su a makaranta ba. A ƙarshen Agustan 1914 wata runduna ta tashi daga Yola ta auka wa sansanin Jamusawa a Garwa, ta tarar da ramuka da waya mai ƙaya, aka kora ta da mummunar asara, har kwamandanta Laftanar Kanar Maclear ya mutu. Da aka koma a 1915, haƙa aka yi ta yi ana matsowa kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake yi a Turai, har Garwa ta miƙa wuya ranar 10 ga Yuni. Dutsen Mora kuwa bai sallama ba sai Fabrairun 1916. Masu harbi daga ciki da masu harbi daga waje yawancinsu baƙar fata ne, wasu ma harshensu ɗaya. Chari Maigumeri sojan Jamus ne lokacin da aka kama shi a Garwa, daga baya ya sa kakin Ingila ya yaƙi Jamusawan a Gabashin Afirka, ya zama samanja, yau barikin Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi. Tarihinsa kaɗai ya isa ya nuna cewa ɓangaren da ƙaramin soja ya tsinci kansa sau da yawa ƙaddarar wuri ce. Shi ya rayu ya yi suna. Waɗanda suka zube a Mahiwa, cikin Tanzaniya ta yau, a Oktoban 1917, da dubban 'yan dakon da aka tattaro ta hannun hakimai da dagatai suka ɗauki akwatunan harsashi a ka har atini da zazzaɓi suka kayar da su a daji, su fa? An sassaƙa sunayen wasu sojoji a dutsen tunawa na Lakwaja, amma ƙa'idar daidaito da aka yi alfahari da ita a Turai ba ta ƙetaro teku da ƙarfinta ba. A 1923 Gwamnan Gwalkwas, Guggisberg, ya ba da ra'ayin cewa talakan ƙasar ba zai fahimci dutsen kabari ba balle ya yaba. A Afrilun 2021 hukumar kaburburan da kanta ta fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila ma har 350,000, yawancinsu 'yan Afirka, ba a tuna da su da suna ba ko ba a tuna da su sam, kuma ministan tsaron Birtaniya Ben Wallace ya nemi gafara a majalisa. Abin lura shi ne da wane ma'auni aka kama su da laifi: da ma'aunin kabarin Strudwick. Wanda ya ce tuna kurtun Ingila aikin banza ne ya jefar da sandar da zai nemi haƙƙin ɗan dakon Garwa da ita.

Suka ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, domin daga addini ta fito. Malami zai ce Musulunci bai san wannan ƙawa ba. Hadisin Jabir ya hana shafe kabari da farar ƙasa da yin gini a kansa, wata ruwaya ta ƙara da hana rubutu, Risala da kowane almajirin zaure ya sani ta ce gini a kan kabari makaruhi ne. Kabarinmu uwa da 'ya ne, a jera itace ko fasassun tukwane, a toshe da ɗanyar ƙasa, a tara tudu kamar taki guda, shi ke nan. Ɗan allon kwano da ake kafawa a yanzu da suna da kwanan wata, damina biyu ta ishe shi ya yi tsatsa ya kife. A wannan akwai hikima da ban ga abin da zai rushe ta ba: attajiri da almajiri ƙasa ɗaya ke rufe su, daidaiton da Turawa sai da suka rasa kusan mutum miliyan guda kafin su gano shi. Ga kuma ayar Suratut Tauba da ta hana nema wa wanda ya mutu a kan shirka gafara. To, in haka ne, ashe Guggisberg bai yi ƙarya ba ke nan?

Ya yi kuskure, kuma kuskurensa shi ne na mai sukar: dukansu sun haɗa gini da ambato sun mayar abu ɗaya. Abin da shari'a ta ƙi shi ne a mayar da kabari wurin alfahari ko wurin bauta. Riƙe sunan mamaci kuwa aikin magabata ne tun farko. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗauko dutse ya ajiye a kan kabarin Usman ɗan Maz'un don ya riƙa gane shi. Imam Bukhari ya ware babi guda a Sahihinsa don jera sunayen mutanen Badar. Masu Sira sun rubuta shahidan Badar da Uhudu ɗaya bayan ɗaya, kowa da ƙabilarsa, ba su tsallake bawa ko 'yantacce ba, shi ya sa har yau muka san Mihja'u, bawan da Umar ya 'yanta, yana cikin farkon waɗanda suka faɗi a Badar. Abin da ya fi ba ni mamaki, sun jera har sunayen Ƙuraishawan da aka kashe suna yaƙar Musulmi a ranar. Ba su yi musu addu'a ba, amma ba su mayar da su adadi ba. Akwai kuma baƙar matar nan mai sharar masallaci da ta rasu aka binne ta ba a sanar da Annabi ba, kamar an ga al'amarinta bai kai a tashe shi ba. Da ya rasa ganinta ya tambaya, ya nuna bai ji daɗin ɓoye masa da aka yi ba, ya ce a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Game da wanda ba Musulmi ba, Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an wuce da gawar Bayahude sai ya miƙe tsaye, da aka gaya masa ko gawar wace ce, ya tunatar da su cewa ita ma rai ce. Babu wanda ya nemi Musulmi ya yi wa Strudwick istigfari. Abin da ake nema shi ne ya yarda ɗan Adam ne ya mutu a wurin, mai suna, wanda za a tambayi wani yadda aka yi ya mutu, kamar yadda Suratut Takwir ta ce za a tambayi jaririyar da aka binne da rai, ita da duniya ba ta ko tsaya sanin sunanta ba. Ga Musulmi ma hanya ta fi sauƙi da arha, domin ba ya buƙatar farin dutse daga Ingila. Takarda da alƙalami sun wadatar.

Akwai masu cewa irin wannan tunawa ado ne da ake yi wa yaƙi don a ja wasu samarin, kuma ba zan ce ba su da hujja ba. Jan furen da Turawa ke maƙalawa a ƙirji a watan Nuwamba, da faretin, da busa, sukan sa kisa ya yi kama da biki, kuma shekara 21 kacal bayan an rufe ramukan aka sake buɗe wani yaƙin da ya fi na farko muni. Sunaye ba su hana Hitila ba. Amma a duba a ga me ke yi wa yaƙi ado. Mutum-mutumin janar a kan doki yana yi, kirarin maroƙa yana yi. Bangon da mutum zai yini yana karantawa bai kai ƙarshe ba, yana cin karo da sunan gida ɗaya sau uku a jere, ban ga yadda zai sa wa uba sha'awar miƙa ɗansa ba.

Laifi tudu ne, in ji Hausawa. Mun ga na Guggisberg, saura namu. Tarihin Kano da aka gada ya riƙe sunayen sarakuna da manyan barade, mabiyansu kuwa sai dai a ce dubu kaza. Ko a yaƙin Tsuntsuwa na zamanin jihadi a 1804, abin da aka fi riƙewa shi ne an rasa mahaddata wajen 200. Nijeriya ta mayar da ranar tunawa da 'yan mazan jiya daga 11 ga Nuwamba zuwa 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, kuma kowace shekara ana ajiye furanni a gaban sojan da ba a san sunansa ba, a saki fararen tattabaru, a watse. Su Turawa da suka binne nasu sojan marar suna a Westminster a 1920, sun yi shi ne a madadin waɗanda aka nema aka rasa, kuma ba su fasa rubuta duk wanda za a iya rubutawa ba. Mu mun ɗauki marar sunan mun bar rajistar. A ƙasar nan ma kalmar ta taɓa zama mafaka: da sojoji suka ƙone gidan Fela a Legas a 1977, binciken gwamnati cewa ya yi sojojin da ba a sani ba ne suka aikata. Inda ba a kiran sunan wanda aka kashe, da wuya a kira na wanda ya yi kisa. Da aka auka wa sansanin Metele a Borno a Nuwamban 2018, rundunar soja ta ce 23 suka mutu, wasu rahotanni suka ce sun ninka haka, aka yi ta jayayya kan adadi, abin da jerin sunaye zai kashe a yini ɗaya. Kowa ya san Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali da ya faɗi a Malam Fatori a 2016, kuma ya cancanci a san shi, amma mutum nawa ne zai kawo sunan soja ɗaya cikin waɗanda suka faɗi tare da shi? Ba wai ba a iyawa ba ne. Da aka kashe sojoji 17 a Okuama ta jihar Delta a Maris 2024, an buga sunayensu da hotunansu, daga kwamanda har kurtu, shugaban ƙasa ya halarci jana'izarsu a Abuja. Wanda ya mutu a Sambisa ko dajin Zamfara bai fi su arha ba.

Mai cewa a bar matattu a ji da masu rai ya manta cewa takarda ɗaya ce. Diwanin da Sayyidina Umar ya kafa rajistar sunayen mayaƙa ce, kuma da ita ake raba musu haƙƙinsu da na iyalansu. Matar sojan da ke yawo da fayil daga ofis zuwa ofis tana neman haƙƙin mijinta, da matar ɗan sa-kai da ko fayil ɗin ba ta da shi, abin da ya fara ɓace musu shi ne layin da aka rubuta sunansa da ranar da ya faɗi da inda aka binne shi.

Ba sai an je Borno ba. Ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012 bama-bamai da harbe-harbe suka girgiza Kano, har da hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, nan kusa da Kawaji, aka rasa aƙalla mutum 185: 'yan sanda, 'yan acaɓa, masu talla, masu wucewa, Musulmi da Kirista. Iyayen da yawansu da matansu da maƙwabtansu suna raye, suna iya faɗin sunan kowa da sana'arsa da inda ajali ya same shi, abin da jikokin 'yan dakon Garwa ba za su taɓa iyawa ba. Wannan dama ba za ta wuce tsawon ran waɗannan shaidu ba. Ina kira ga masu unguwanni da limamai da shugabannin majami'u na Kawaji da Dakata da 'Yankaba da sauran unguwannin Nassarawa, kowa ya sayi littafi mai layi, ya bi gida-gida ya rubuta wanda rikici ko yaƙi ya ci a unguwarsa, da mai kaki da marar kaki, a ajiye kwafi ɗaya a wurin hakimi, a kai ɗaya Gidan Makama.